Dalma a Tsakar Gida

Ranar da aka koro Zakiyya daga makaranta, Hindatu tana tsugune a tsakar gida tana ɓare wani tsohon batirin tirela da guntun gatari. Yarinyar ta shigo ta tsaya a bakin rumfa, littafinta guda ɗaya a cikin leda, ta miƙa wa uwar wata takarda da aka ninke gida huɗu.

"Ta mece ce?"

"Malam ne ya ce in kawo."

"Ya ce me?"

Zakiyya ta dubi ƙasa, ta motsa baki, ta sake duban takardar. Daga makarantar zuwa gida bai fi tafiyar minti biyar ba, amma saƙon ya zube mata a hanya kamar yadda kowane saƙo yake zube mata. Hindatu ta dungure mata kai, ta cusa takardar a ƙarƙashin tabarma, ta koma kan batirinta.

Da la'asar maigidan, Alhaji Arzika, ya dawo daga tasha ya karanta. Hedimasta ne ya rubuto cewa yarinyar ta shekara uku a aji ɗaya, har yau ba ta iya rubuta sunanta ba, ba ta zama wuri ɗaya, kullum tana riƙe da ciki tana kuka, kuma jiya ta ciji wata yarinya a kunne. Makaranta ta gaji.

"To, ga shi nan a rubuce," in ji Alhaji. "Danginku ta biyo. Wannan kawun naki na Taura da yake gaisawa da jakai, ai ba a banza ya zo duniya ba."

Hindatu ma ta sha tuna kawun nata.

"Tunda boko ya ƙi ta, sai ta kama aikin da yake ciyar da ita. Gobe a ba ta rariya."

Aikin da yake ciyar da gidan kuwa dalma ce. Tun shekarar da Dutse ta zama babban birnin jiha motoci suka cika gari, Alhaji, mai cajin batir a tasha, ya gano cewa arzikin batir ba a cajinsa yake ba, a gawarsa yake. Sai ya shiga sayen matattun batura yana kawowa gida, domin a tasha akwai ido, akwai kuma hannu. Hindatu ta fasa, ta tsiyaye ruwan a kwata, ta shanya farantan ciki a ƙasa. Shi kuma ya hura gawayi a gefen madafa, ya narka su a kasko, ya zuba a ramuka su daskare, mutanen Kano su zo su kwasa. Da dalmar nan aka yi rufin kwano, da ita aka sayi babur, da ita ya sauke farali. Wata ƙura mai launin toka tana kwanciya a kan komai, tabarma, shanya, murfin randa, tuwon da aka bari a buɗe. A gidan ba a kiranta datti. Alhaji ya ce duk wanda ya raina ƙurar nan bai san daga ina cefane yake fitowa ba.

A kan ƙasar nan Zakiyya ta yi rarrafe, ita ta fara dumtsa ta kai baki. Yanzu kuma aka ba ta rariya ta riƙa tankaɗe tokar kasko, tana tsince ɗigon dalmar da ya ɓuya a ciki. Kafin azahar gashin girarta ya yi fari.

Wata biyu da fara wannan aikin, abinci ya fita ranta. Bayan gida ya zama sai ta kwana huɗu. Idan aka kira ta sai an kira sau uku, a na ukun kuma da wayar batir ake kira, domin Alhaji ya ce ya lura kunnenta a gadon bayanta yake. Aka aike ta sayo gishiri ta dawo da ashana, aka dake ta. Aka ce ta mayar, ta je ta tsaya a gaban mai tebur ta manta abin da ya kawo ta, aka sake dukanta. Har ta kai idan ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai fitsari ya zubo mata a tsaye. Wannan ma laifi ne mai zaman kansa.

Hindatu ma tana duka. Ba da ƙarfi kamar na Alhaji ba, amma ta fi shi yawa, domin ita ce a gida. Zakiyya 'yar fari ce, saboda haka ba ta kiran sunanta, ba ta ɗora ta a cinya, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, kuma gidan kullum da mutane. "Ke" take ce mata. Matan unguwa suna yabon Hindatu da kunya. Ta samu 'ya'ya biyu bayan Zakiyya, duk ba su kai yaye ba, ciki ɗaya kuma ya zube. An ce rabo ne, ta kuma yarda.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Alhaji ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya shiga sahun gaba a wurin taro. Da ya dawo muryarsa ta dishe, ya zauna a kan buhun gawayi yana yi wa Hindatu bayani.

"Yanzu zalunci ya ƙare. Ko akuya ka zalunta sai an bi mata haƙƙinta."

A makon nan ne Zakiyya ta faɗi a kan rariya, jikinta ya sandare, idonta ya juye, kumfa ta fito. Da ta farfaɗo Alhaji ya ce ashe ya yi wa dangin Hindatu ƙazafi, Allah ya yafe masa, wannan ba gado ba ne, aljani ne. Ya ɗauko mai ruƙiyya. Maza biyu suka danne yarinyar a kan tabarma, malamin ya kafa baki a kunnenta yana karatu da iyakar muryarsa, yana tsula mata tsumagiya a tafin ƙafa.

"Faɗi sunanka. Wane ne kai? Daga ina ka shige ta?"

Zakiyya ta yi kuka har muryarta ta tafi. Can ta ce, "Ruwa."

Malamin ya juyo ya dubi Alhaji. "Ka ji ko? Aljanin ruwa ne. Su ne masu taurin kai."

Hindatu tana tsaye a ƙofar ɗaki da moɗa a hannu. Ta san ƙishirwa ce. Ta jira har aka gama, sannan ta ba ta.

Da Hindatu ta haifi namiji aka sa masa Haisam, yayar Alhaji ta zo suna daga Ringim. Gwaggo Adama malamar firamare ce da ta yi ritaya, mai lambun tumatir a fadama. Ta zo da Hadiyya, 'yar ƙanensu Falalu. Hadiyya da Zakiyya wata ɗaya aka haife su a gidan nan, tare suka yi rarrafe a tsakar gidan nan har suka shekara uku, sannan uwar Hadiyya ta rasu, Gwaggo ta ɗauke ta. Ga ta yau ta shigo da sallama, ta durƙusa ta gai da kowa da sunan da ya dace da shi, tana aji huɗu. Ta je ta zauna kusa da Zakiyya tana yi mata hira. Zakiyya tana kallon bakinta.

Gwaggo ta daɗe tana duban Zakiyya. Washegari ba ta nemi izinin kowa ba, ta ce wa Hindatu, "Zan kai ta asibiti. Ke kina jego, zauna."

"Yaya, Alhaji bai sani ba."

"Ni na goya Alhajin."

Da suka dawo, Gwaggo ta kira Hindatu ɗaki, ta ɗaga leɓen Zakiyya. A kan dasashi, daidai gindin haƙora, akwai wani siririn layi shuɗi-shuɗi.

"Kin taɓa ganin wannan?"

"Na ɗauka datti ne."

"Likita yana gani ya tambaye ni sana'ar ubanta. Ban gaya masa komai ba, shi ya fara cewa batir. Ya ce dalma ce a jininta, ta shanye mata jini, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwa. Ciwon cikin, mantuwar, faɗuwar, duk ita ce."

Hindatu ta dubi hannuwanta. Layukan tafinta baƙi ƙirin suke, ko wankan jego bai fitar da su ba. Ta dubi jaririn da yake shan nono.

Bayan sallar la'asar Gwaggo ta tare ƙanenta a rumfa. Ya saurara har ta gama, yana murmushi irin na wanda amsa take aljihunsa.

"Yaya, na ji. Amma ina da tambaya ɗaya. Hadiyya a ina ta yi rarrafe?"

"A nan."

"Ƙasar da waccan ta ci, ita ba ta ci ba?"

"Ta ci."

"To ga ta nan tana karatu kamar rediyo. In dalma ce take lalata yara, me ya sa ta tsallake ɗaya ta kama ɗaya? Dalma tana da son kai ne?"

"Ba ta tsallake ta ba," in ji Gwaggo. "Kai kana ganinta yau ne. Ni da na ɗauke ta, sai da ta shekara huɗu kafin ta haɗa kalma biyu. Ita ma ciwon ciki, ita ma cizo. Maƙwabta suka ce na ɗauko wa kaina wahala. Kullum in shimfiɗa tabarma mu zauna, in yi mata tatsuniya ɗaya sau goma har ta kama bakinta. A lambu na koya mata ƙirga da tumatir. Zogale, kifi, ƙwai, madara, abin da na samu na ba ta. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, domin na lura ranar da na yi mata tsawa, abin da muka koya a mako sai ya gudu. Har yau abin da 'yan ajinsu suke karantawa sau ɗaya, ita sai ta karanta sau uku. Tabon yana nan. Na faɗa wa likita haka, ya ce ƙwaƙwalwar yaro tana iya gyara wani abin idan ta bar gubar ta kuma samu natsuwa da mai kula da ita. Ya ce tsoro da duka kuwa suna ƙara wa gubar ƙarfi. Taka ta samu dalma, ta samu waya."

"Wato ni ne mai laifi."

"Ba shari'a na zo yi ba. Ka fitar da kaskon nan daga gida, ka ba ni ita in tafi da ita. Likita bai ce za ta dawo daidai ba, amma ya ce ba a makara gaba ɗaya ba."

Alhaji ya shafa gemu. Ya ce likitocin nan yaran jiya ne, shi shekararsa goma yana shaƙar hayaƙin nan, ban da ɗan ciwon kai da ciwon gaɓoɓi me ya same shi? Ya ce cuta da lafiya na Allah ne, jingina su ga ƙarfe raunin imani ne. Ya ce Hadiyya marainiya ce shi ya sa aka bayar, shi kuwa yana raye, ba za a ce a garin Dutse Alhaji Arzika ya kasa riƙe 'yarsa ba. A ƙarshe ya ce, "Kuma Hindatu tana jego. Wa zai yi tankaɗe?"

Gwaggo ta ƙara kwana ɗaya ta koma Ringim. Kafin ta fita ta riƙe hannun Hindatu a zaure.

"Kunyar nan taki ta 'yar fari, wa ta amfana?"

Hindatu ta sunkuyar da kai.

Ta daina duka daga ranar. Ta fara wanke wa yarinyar hannu kafin cin abinci, ta riƙa rufe tukunya. Sau biyu ta yi wa Alhaji maganar kasko, na biyun ya ce idan ta gaji da cin tuwon dalma, hanyar Taura ba a rufe take ba. Zakiyya ta ci gaba da tankaɗe. Ta sake faɗuwa sau biyu. Hannunta na dama ya fara saki, rariya tana suɓuce mata, toka ta zube, waya ta sauka.

Haisam yana wata bakwai, ya fara jan ciki, Alhaji ya shigo da sabuwar sana'a. Ya sayo wani jan sa daga Maigatari zai yi kiwon turke ya sayar da Babbar Sallah. Aka kafa turke a gefen tsakar gida, kusa da inda ake jibge ɓawon batura. San yana cin dusa da harawa, yana kuma miƙa dogon harshensa yana lasar farantan da aka shanya. Kwana goma sha biyu sai ya fara cizon haƙora, yawu yana dalala, ya makance, yana tura kai a bango yana kuka. Alhaji ko takalmi bai tsaya sakawa daidai ba, ya hau babur ya ɗauko likitan dabbobi. Kafin su iso san ya faɗi, ko wuƙa ba a samu sa masa ba.

Likitan dabbobin ya zagaya tsakar gida sau ɗaya, ya taɓa farantan da ƙafa.

"Alhaji, dalma ce ta kashe shi."

"Dalma?"

"Ita ce. Ko ƙasar wurin nan ya riƙa lasa ta isa."

Alhaji bai tambaye shi shekarunsa ba, bai kuma yi maganar raunin imani ba. Ya jawo masa kujera, ya sa aka kawo lemo, ya ce a faɗa masa duk abin da ya kamata. Likitan ya ce idan za a kawo wani sa, a yi masa turke nesa da wurin aiki, a kankare ƙasar a zuba sabon yashi, a raba kwanon ruwansa da na gida, duk mai ba shi abinci ya wanke hannu. Ya ƙara da cewa san turke ba ya son hayaniya, idan ana dukansa ko ana tsawa a kusa da shi, firgita tana hana shi ƙiba.

Cikin kwana uku aka gama. Akwai wani fili a bayan ɗakuna, gindin bishiyar dabino. Alhaji ya sa aka ja katanga tsakaninsa da tsakar gida saboda hayaƙi, aka kankare ƙasar, tifa ta kawo farin yashi daga rafi, aka yi rumfar zana. Ƙasar da aka kwashe daga tsohon turken kuwa, da yake Alhaji ba ya son asara, aka cike da ita kwarin da ruwa yake kwanciya a ƙofar ɗakin Hindatu. Aka kawo farin sa, aka kafa doka: ba tsawa, ba gudu, ba shiga da takalmin aiki.

Hindatu ta same shi yana hura gawayi a inda ya saba.

"Alhaji, abin da likitan sa ya faɗa, ai shi likitan mutane ya faɗa."

"Ba ɗaya ba ne. Sa dabba ce, ba shi da hankalin da zai bar abin da zai cuce shi. Mutum kuwa Allah ya ba shi hankali."

A bayansa Haisam yana zaune a kan sabon cikon, ya dumtsi ƙasa yana kaiwa baki. Hindatu ta ɗauke shi, ta sa yatsa ta kwakule masa baki.

Da safe, bayan babur ya fita, ta wanke yaran biyu tas, ta canza musu kaya, ta wanke tabarma ta ɗauka. Ta buɗe ƙyauren turke ta shimfiɗa a kan farin yashin, nesa da ƙafar sa kaɗan. Ta ajiye Haisam, ya kama rarrafe. Zakiyya ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran a ce ta koma kan rariya.

"Zo ki zauna," in ji Hindatu.

Ta zauna a gefen tabarma, jikinta a ɗaure. Hindatu ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta tsinto ƙwallayen dabino guda biyar ta jera, ta ce su ƙirga. Zakiyya ta kai uku ta tsaya, ta ɗaga hannu ta kare fuska. Ba abin da ya sauka. Suka sake daga ɗaya.

Haka suka riƙa yi kullum. Hindatu ta koma yin tankaɗen da kanta, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta yi wanka, sannan ta shiga wurin yaran. A can suke cin abinci. Mako uku Zakiyya ba ta wuce bakwai a ƙirga ba, hannun ma bai dawo ba. Amma ta daina fitsari a tsaye, kuma ita ce mai zuba wa san dusa, yana ganinta yake miƙo wuya ta sosa masa.

Wata ranar Alhamis Alhaji ya dawo da azahar ba zato. Ya tarar da tsakar gida ba kowa, ya tura ƙyauren turke, ya ga matarsa da 'ya'yansa a baje a gaban dukiyarsa. Jijiyar wuyansa ta tashi, ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki. Sai san ya ɗago kai ya dube shi. Alhaji ya haɗiye abin da ya ɗauko, ya matso a hankali, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaida mara lafiya.

"Me kuke yi a nan?"

"Muna taya shi zama," in ji Hindatu. "Ya fi cin abinci idan da mutane."

Ya dubi san. Gaskiya ne, tozon ya fara cika, gashin yana sheƙi. Ya dubi Zakiyya da hannunta a wuyan dabbar.

"Ke ce mai ba shi dusa?" ya tambaya, har yanzu a hankali.

Zakiyya ta dube shi. Shekararta goma sha ɗaya, ba ta taɓa jin wannan muryar daga bakinsa ba. Ta ce, "Ni ce, Baba."

"To ki riƙa wanke hannu. Kuma daga yau kada ki ƙara taɓa rariya, kar ki kwaso masa toka."

Ya juya zai fita. Hindatu ta yi lissafi a ranta, saura wata huɗu Sallah, ranar da za a kwance san a kai shi kasuwa.

"Alhaji, idan an sayar da wannan, za a sayo wani?"

Ya tsaya, fuskarsa ta washe. Shekara goma sha biyu da aure, sai yau matar nan ta nuna ta damu da harkarsa.

"In Allah ya yarda biyu zan sayo. Turken nan ba zai ƙara zama ba kowa ba."

"Allah ya hore," in ji Hindatu. Ba ta taɓa yi masa addu'ar da ta fito daga zuciyarta kamar wannan ba.